Sarkin Kwali da Jitar Abba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, faɗa ta je yi. Ta shiga shagon kayan kiɗan ko sallamar kirki babu, ta dire masa kwalin fanka a kan tebur. A ciki akwai jitar da ta yi oda daga shagon don ta ba Abbanta mamaki, ta iso da karyayyen wuya. Haka aka jefa ta a kwalin da 'yan tsofaffin jaridu, ta yi ta gware da bango har gida.

Mai shagon ya kalli jitar, ya ɗago ya kalli Auta, sai ya manta da jitar. Ita ma rabin masifar da ta haddato a hanya ta zube. Ya amsa laifinsa ba gardama, ya ce gyaran jita ya iya, amma aika kaya yanzu ya fara. Ta ce ai ta ga alama, ta raɗa masa suna Sarkin Kwali.

Gyara kam ya gyaru, sai dai saƙonni ba su tsaya ba.

"Autata, jita ta warke. Mai gyaran ne yanzu ba lafiya."

"Allah ya sawwaƙe, Sarkin Kwali. A naɗe shi da jarida."

Auta ta karanta nasa ya fi a ƙirga, tana birgima a gado don daɗi.

Da magana ta je gaban Abba, ya ji ko wane ne, sai ya murtuke.

"Wanda ya kasa kawo katako lafiya, shi zan danƙa wa 'yata?"

Ga kuma ɗan amininsa mai kantin magani yana ta sintiri da mota, shi ma Auta yake nema. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, Umma ta yi ta lallashin mai gida. Da ƙyar Abba ya sauko. Ya ɗauko tsohuwar jitarsa, wadda shi da yayansa Baffa suke kaɗawa suna samari, ya ce a aika wa Baffa can nesa inda yake. In ta isa ko da ƙwarzane ɗaya, kada yaron ya ƙara taka masa ƙofa.

A falon gidan aka yi aikin, Abba na kishingiɗe yana harara. Sarkin Kwali ya sassauta tsirkiyoyin, ya sa ƙyalle a ƙarƙashinsu, ya naɗe wuyan da soso, ya kwantar da ita a akwatinta. Ya cusa akwatin a kwali mai kauri, ya cike kowane gurbi, ya sha shi da salatif. Gumi har haɓa. Sannan ya ɗaga ya girgiza a saitin kunnensa.

Auta ta ji wani ɗan ƙas-ƙas. Abba bai ji ba. Ta ƙyafta wa saurayin ido ya yi shiru kawai, amma bawan Allahn nan ya sa wuƙa ya farke aikinsa gaba ɗaya. Ya kifa jitar yana jijjigawa, sai ga wata 'yar jar roba ta kaɗa tsirkiya ta faɗo daga cikinta. Abba ya daɗe yana kallon robar, ya ce a sa ta a kayan.

Ranar da kaya suka isa, Auta ko ruwa ta kasa sha. Sai ga kiran bidiyo. Baffa ne rungume da jita lafiyarta ƙalau, yana kaɗa ta da jar robar, hawaye na bin gemunsa.

"Tun muna samari nake zarginka da ɓatar mini da ita! Wa ya gano ta?"

Abba ya yi gyaran murya ya ce, "Surukinka ne."

Auta ta kwasa da gudu ta faɗa jikin Umma tana ihun murna.

Ranar biki, da aka buɗe motar da za ta ɗauki amarya, sai ga filo dama da hagu, har da bargo a ƙasa, duk aikin Sarkin Kwali. Abba ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya dafa kan 'yarsa, ya dubi ango ya ce:

"Wannan ita ce mafi tsada da na taɓa aikawa. Ka kai ta lafiya, ka riƙe ta lafiya. Allah ya yi muku albarka."

Auta ta amsa da amin daga tsakiyar filolinta.