Wanda Ya Nuna Iyakar Kwarin Maje

Rana ta yi ja lokacin da Babaji ya ɗaure galan ɗin kananzir a bayan babur, ya bar Ƙofar Sauri zai kai wa mahaifiyarsa Hajo a ƙauye.

Kwarin Maje ba shi da mai unguwa, gwamnati ma ba ta san da zamansa ba. 'Yan gidaje ne tsakanin wata busasshiyar ƙorama da tudun marmara, kudu da Katsina. Kakanninsu maginan rijiya ne da suka fito daga birni tun kafin zuwan Turawa, suka roƙi wurin a hannun mutanen ɓoye. Sharaɗi ɗaya aka gindaya musu: ɗan ƙauyen ba ya nuna wa baƙo iyakarsa da hannu.

Da soja suka miƙa mulki, Tanko, amininsa tun suna kiwon awaki, ya zama kansila. Shi ya zo da ma'aunan ƙasa, ya dafa kafaɗar Babaji.

"Ka fi ni sanin wurin, ɗan'uwa. Nuna masu, famfo za a kawo ma su Inna."

Babaji, uban saurin yarda, ya zagaya da su yana ta miƙa yatsa. Tanko kuwa hannuwansa na cikin aljihu har aka gama. Bayan sati aka ji an yanka Kwarin Maje fuloti-fuloti. Filin bai ƙona wa Babaji rai kamar aljihun nan ba, don ashe Tanko bai manta da sharaɗin ba.

Yau da Babaji ya ɗauko kananzir ɗin, yana gangarawa ƙoramar, injin babur ya mutu.

Daga tsallake ya saba jin daka da kukan awaki. Yau shiru. Sai warin laka, irin ta ƙasan tsohuwar rijiya, alhali rabon wurin da ruwa tun kaka.

Babur ya nutsa ta baya. Wani ya hau.

Sanyi ya ratsa rigarsa. Ruwa na ɗiga a kan galan, ɗis, ɗis.

"Babaji," in ji wata murya, dab da kunnensa. "Kai ne gwanin nuni."

"Ba da sanina ba," ya ce da ƙyar. "Tanko ne."

"Mu hannu muka gani. Nuna mani gidanku."

Hannunsa ya ɗaga da kansa. Ya bi yatsan da kallo.

Babu tudu. Babu rufin ɗakin Hajo. Fili ne fetal har inda ido ya tsaya.

Wani jiƙaƙƙen abu ya kama wuyan hannun.

Ya fizge, ya yar da babur, ya sheƙa yana salati, ƙaya na yagar ƙafarsa, har ya faɗo bakin titin Batagarawa.

Ƙauyen yana nan, mutane na shiga suna fita. Babaji ne kaɗai ba ya ganinsa. An sha riƙe masa hannu a ja shi, da sun tsallake ƙorama sai a neme shi a rasa, a tsince shi a bakin titi.

Ranar da Hajo ta rasu, tun hantsi yake kai-komo a ƙoramar yana kiran Inna. Da la'asar motar Tanko ta fito daga inda babu hanya, ta tsaya kusa da shi.

"Allah ya ba da haƙuri," in ji Tanko, yana kallon sitiyari. "Da ni aka sa ta a kabari."