Kafar da Nuhu Ya Toshe

Ana shirin sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan Malam Nuhu a Bodinga. Matarsa Rahamatu tana kwashe tuwo, ta ɗaga kai. Na biyu ya biyo baya, na uku ya fasa tulu. Daga nan gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi.

Nuhu bai ko fito ba. Malamin kwamfuta ne a wata sakandare, kuma wata guda ke nan yana fama da wani wasa da zai nuna wa ɗalibansa: lunguna masu ɓatar da mutum, da ake buɗewa a burauza kamar kowane shafin intanet. Bangayen suna da tsawo da kauri, kana danna maɓalli kana ji kamar kai ne ke tafiya a ciki. Da lambobi ya gina shi, ɗaya bango, sifiri hanya. Don burgewa, sai ya kwaikwayi tsarin gidansu, zaure da lungu da turaka.

Mahaifinsa marigayi Bala ne ya gina gidan a zamanin Jamhuriya ta Biyu. A bangon gabas ya bar wata kafa da ba ta kai faɗin kafaɗa ba, ya kuma yi wasiyya kada a toshe ta, hanyar mutanen ɓoye ce zuwa fadama. Nuhu bai taɓa kafar ta gaske ba, amma a cikin wasansa ya ga ta ɓata masa tsari. A ranar nan ya sa ɗaya a wurin, ya wuce. Mai ilimi ke nan, wai shi ya fi ubansa sani.

A magaribar nan 'yarsu Safinatu ta miƙe daga tabarma ta fara tafiya a tsakar gida, hannuwanta a gaba tana lalube. Taku huɗu, ta juya hagu. Taku biyu, ta yi karo da abin da babu shi, goshinta ya yi ƙara kamar ya bugi siminti. Ba ta ci, ba ta magana, sai juyawa.

Kwana uku ana haka. Nuhu ya ce zazzaɓi ne, ya sayo magani, ya koma kan kwamfutarsa. Ni dai abin nan har yau yana ba ni haushi. A rana ta uku Rahamatu ta tsaya masa a ka cikin fushi.

"Malam, ɗiyarka na zub da jini kana danne-danne? In ba ka tahiya Shagari ka ɗauko malami, ni in tahi da ƙahwata."

Da la'asar sakaliya ya dawo da Malam Sama'ila, dattijon da aka sani da yi wa masu aljanu karatu. Malamin ya zauna ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya fara karanta ayoyi a hankali. Rana na faɗuwa Safinatu ta tsaya cak. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kaushi.

"Ya isa, Sama'ila."

"Mi kake nema ga yarinyag ga?" in ji malamin.

"Hanya! Shekara arba'in muna wucewa ba mu taɓa kowa ba. Wanga mutum ya gina wani gida cikin gida, ya jawo mu ciki, ya ruhe ƙohwa. Mu ko munka ce ɗiyatai ta ɗanɗana."

Nuhu ya yi tsaki. "Zane na fa, ba gini ba."

"Zane?" Muryar ta yi tsawa har kwanon ɗaki ya amsa. "To shiga ka hiddo ta!"

Aljanin ya ce a yanka masa baƙin akuya. Malam Sama'ila ya ce ba ya yanka wa kowa sai Allah. Aljanin ya ce to a bar masa yarinyar duk Laraba, malamin ya ɗaga murya da karatu har jikin Safinatu ya hau karkarwa. A ƙarshe suka tsaya a kan abu ɗaya: a buɗe hanya, shi kuma ya rantse ba zai sake kusantarta ba.

Malamin ya juyo. "Nuhu, buɗe."

Nuhu ya ɗauko kwamfutar. Ya bi layukan lambobi har ya kai bangon gabas, ya share ɗayan, ya sa sifiri, ya sabunta shafin. Safinatu ta juya dama, ta miƙe sak har bakin kafar nan. Wata iska mai sanyi ta bi ta ciki ta fita, yarinyar ta sulale ƙasa.

Rahamatu ta rungume ta tana kuka. Nuhu ya durƙusa zai taɓa goshinta, sai Safinatu ta buɗe ido ta janye kanta.

"Baba," ta ce a hankali, "bango guda na tsakaninmu. Ina jin ƙarar yatsunka, ina ta kiranka. Kwana ukku ba ka ɗaga kai ba."