Tantabarun Mai Sharhin Talata

Da safiyar Alhamis Dattijo ya hau saman benensa riƙe da gwangwanin hatsi, ya tarar da ɗakin tantabarunsa wayam. Kusan talatin yake da su, masu tsada, irin waɗanda ake nuna wa baƙo kafin a ba shi ruwa. Guda ɗaya ta rage, wata fara mai karyayyen fiffike, tana kwance a ƙasa tana kallonsa. Bai ko ajiye gwangwanin ba ya kira shugaban 'yan sandan yankin a waya, don shi ba mutumin da zai je ofis ya zauna a benci ba ne.

Dattijo marubuci ne. Duk Talata yana da shafi a jarida, inda yake yi wa matasa faɗa a kan kishin ƙasa, da biyayya, da masu tattara kaya su tafi ƙasashen waje. A Talatar da ta wuce, da tantabarunsa ya yi misali. Ya ce kullum da safe yana buɗe musu ƙofa, su keta gari yadda suka ga dama, da yamma kuma su dawo da kansu. Wannan, in ji shi, shi ne 'yanci na gaskiya: wanda ya san hanyar gida.

Masu karatu suka yi ca a ƙarƙashin sharhin a intanet. Wani ya ce Allah ya ƙara wa alƙalaminsa albarka. Wata ta ce tantabara ba ta biyan kuɗin haya. Wani ya ce duk wanda bai yarda da Dattijo ba ya kama hanya, aka amsa masa cewa ai tafiyar ce Dattijo ya hana. Wani malamin lissafi kuma, da cikakken sunansa da hotonsa, ya rubuta: "Ƙasar da ba ta ciyar da ɗanta ba gida ba ce, keji ce. Wata rana zan zo in raba ka da tsuntsayen nan, mu ga da me za ka yi misali."

Kafin azahar an je makarantar da yake koyarwa, an sa masa ankwa a gaban 'yan aji. Makarantar ta kuɗi ce, mai ita kuma ya aiko da saƙo cewa idan Litinin ta yi ba a wanke malamin ba, kada ya sake tako masa ƙofa. Sai bayan an gama wannan ɓarnar aka miƙa wa Sufeton 'yan sanda binciken, kamar yadda aka saba yi masa.

Sufeto mutum ne mai ciwon gwiwa, ba ya son matakala, ba ya kuma karanta sharhin kowa. Ya hau benen yana tsaki a kowane hawa. Matakalar ta cikin gida ce, sai an bi ta gaban ɗakin girki. A sama ya duba katangar da ta raba su da maƙwabta: an kafa mata fasassun kwalabe, babu wadda ta motsa, babu jini, babu zaren tufa.

Ɗakin tantabarun na katako ne da ragar waya. A ciki an raba shi biyu, da wata ƙaramar ƙofa a tsakiya, a buɗe. Farar tantabarar tana kan wani tsohon tawul da aka ninke, ga ruwa a murfin kwano, ga hatsi daidai bakinta.

"Yallaɓai, kai ka shimfiɗa mata wannan?"

"Ban taɓa komai ba. Na san aikinku."

"Ƙofar waje fa, yaya ka same ta?"

"A rufe, da sakata. Har da dutsen nan a jingine."

"Dutsen na mene ne?"

Dattijo ya dubi dutsen. "Saboda kyanwa, ina ji."

"Jiya da yamma kana ina?"

"Gidan rediyo. Na dawo a gajiye, ban hau ba."

"Wa ke kula da su?"

"Ni da kaina."

Sufeto ya ce a ba shi tsintsiyar da ake share wurin. Dattijo ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ce yana jin an sauka da ita. Tana nan rataye a bayan ƙofa, daidai kafaɗarsa. Sufeto ya tambayi su wa ke gidan.

"Ni, da matar ɗana, da jikokina biyu. Ɗan nawa yana waje, ya tafi neman abin da bai ɓata ba." Ya gyara tsayuwa. "Sufeto, ai ɓarawon yana hannunku. Da bakinsa ya faɗa."

"Da yatsansa ya rubuta, yallaɓai. Bari in ji ta bakinsa."

Malamin lissafin yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda, da ƙurar alli har yanzu a hannun rigarsa. Siriri ne, idonsa ya yi ja, kuma ya riga ya ji saƙon mai makaranta.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne. Haushi ne. Ƙannena biyu sun gama karatu suna zaune a gida, shi kuma yana ba mu labarin tsuntsaye."

"Jiya da yamma?"

"Ina ɗakina ina duba takardun jarrabawa. Ni kaɗai."

"Da a ce ka hau benen, yaya za ka raba shi da su?"

"Ni ma tun safe nake tunani. In kwashe su a me? In buɗe musu ƙofa? Shi da ya ce kullum a buɗe take, kuma suna dawowa."

"Ƙofa nawa ɗakin yake da su?"

Malamin ya kalle shi. "Ɗaya mana. Ɗaya ya rubuta."

Maƙwabciyar Dattijo mai wanki da guga ce, kuma duk layin ya san rigimarta da kashin tantabara. Sufeto ya same ta tana matse zanin gado.

"Sun tafi? Alhamdu lillahi. Amma ba ni ba ce, ranka ya daɗe. Da ni ce, gawarsu zai tarar. Kuma ka ga kwalaben da ya kafa? Saboda ni ya kafa su."

"Jiya kin ga wani a saman?"

"Na kai wa mutane kaya, sai magariba na dawo. Amma fa ka san tsohon nan da iya tsara zance. An karanta mini abin da ya rubuta. Wai duk yake saki! Rabi ne ke fita. Kullum ina shanya ina ganin sauran suna leƙe ta raga."

Sufeto ya yi mata godiya. Washegari da safe ya nufi bayan kasuwa, wurin mutumin da ya sayar wa Dattijo tsuntsayen. Bai ma gama sallama ba mutumin ya nuna masa rufin rumfarsa. Ga su nan jere, suna gyaran gashi.

"Tun shekaranjiya da la'asar suka sauko mini, mazan da matan. Na yi ta kiran Baba, wayarsa ba ta shiga."

"Ya daina ɗaukar baƙuwar lamba, masu karatu sun dame shi. Me ya dawo da su nan?"

"Nan aka ƙyanƙyashe su. Babbar tantabara, in ka saye ta, gidanta na farko take sani. Shi ya sa na ce masa ya kulle matan a ciki, ya riƙa sakin mazan kawai. Namiji ba zai yi nisa ba matarsa tana kulle. Duk mai kiwo haka yake yi. Amma ranar da aka saki matan tare da su, shi ke nan."

Sufeto ya koma gidan. Bai hau bene ba, gwiwarsa ta gode masa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin girki, inda matar ɗan Dattijo take wanke kwanoni. Ba ta juyo ba.

"Baiwar Allah, yaya fiffiken farar?"

"Ya fara haɗewa. Na sake ɗaure—" Ta rufe famfo.

"Ke kike share musu wuri."

"Ni ce."

"Kin san an kama wani?"

Ta juyo. "Wa?"

"Malamin makaranta. Ya kwana a wurinmu. Litinin za a kore shi daga aiki."

Ta zauna a kan kujerar tsuguno, ta goge hannunta da gefen zani. Ta ce Baba bai faɗa mata ba, cewa ya yi kawai 'yan sanda suna aikinsu.

"Idon Baba ba ya ganin rubutun waya," in ji ta. "Ni nake karanta masa abin da mutane suka ce. Na zagi yakan ce in wuce, na yabo kuma in maimaita. Ranar Laraba wata ta rubuta, Allah ya ba mu 'ya'ya irin tantabarunka. Sau uku ya sa na karanta."

"Sai me?"

"Baban yara ya daɗe da aiko mana takardun tafiya, ni da su. Baba ya karɓi fasfonmu wai zai adana. Duk sanda na tambaya sai ya ce in muka bi shi, ba zai taɓa dawowa ba. Ƙaramin bai san fuskar ubansa ba sai a waya." Ta kalli bokitin da ke gabanta. "Ni nake kai wa matan tantabarun nan ruwa kullum. Baba yana fita rediyo na hau, na buɗe ƙofar cikin, na kaɗa su. Raina ne ya ɓaci, wallahi. Ban san wani zai shiga ciki ba."

Dattijo yana falo da jarida a cinya. Sufeto ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Yallaɓai, ba a sace maka komai ba. Tantabarunka suna bayan kasuwa, wurin wanda ya sayar maka. Ba a tsallako katanga ba, hanya ɗaya ce kuma ta cikin gidanka. Duk wanda ya san su ta sharhinka, ƙofa ɗaya ya sani. Wanda ya yi wannan ya san akwai ta biyu, ya san kuma ita ce ke riƙe su. Sannan maƙiyi ba ya shimfiɗa wa mai karyayyen fiffike tawul, ya tura mata ruwa kusa, ya fita ya jingina dutse don kada kyanwa ta shiga. Wannan aikin hannun da ya saba ne. Ba hannunka ba ne kuwa, tunda ba ka san inda tsintsiya take ba."

Dattijo ya kalli ƙofar ɗakin girki. Fuskarsa ta canza.

"A gidana? Yarinyar da nake ciyarwa?"

"In kana son kai ta ƙara, hakkinka ne. Sai dai a kotu za a tambaye ta dalili, a tambayi mai tsuntsaye yadda ake sa su dawo. 'Yan jarida kuma suna zama a layin gaba, ka fi ni sani."

"Barazana kake yi mini?"

"A'a. Ga barazanar: riƙe fasfon baligi ba da yardarsa ba laifi ne, kuma wannan ba sai an kawo mini ƙara ba."

Dattijo ya tashi, ya shiga ɗaki, ya fito da wata 'yar jaka, ya ajiye a kan tebur. Bai kira ta ba. Sufeto ne ya ɗauka ya kai mata, ta karɓa da hannu biyu tana ƙirga littattafan fasfon da yatsa. Sannan Dattijo ya sa hannu a takardar janye ƙara, ya roƙi kada maganar ta fita.

An saki malamin ranar da yamma. Litinin da sassafe Sufeto ya ɗauke shi a mota zuwa makarantar, tunda daga can aka fito da shi a ɗaure. Malamin ya sa sabuwar riga mai guga, yana ta godiya har ya ishi Sufeto.

Mai makarantar ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo kujeru. Ya karanta takardar 'yan sanda a hankali, ya ɗaga kai.

"Madalla. Ashe bai taɓa tsuntsu ba."

"Ko gidan bai sani ba," in ji Sufeto.

"Na ji daɗi. Amma wancan rubutun, na cewa ƙasarmu keji ce, shi ya yi ko?"

"Ni ne, yallaɓai," in ji malamin. "Ra'ayina ne kawai."

"Haka ne, kowa yana da 'yancin ra'ayinsa. Ni shekara da shekaru nake karanta Dattijo, ban taɓa fashin Talata ba. Iyayen yara ma sun kira ni." Ya miƙa wa Sufeto takardarsa. "Ba zan iya ba wa mai irin wannan tunani 'ya'yan mutane ba."

Sufeto ya ce ai sharaɗin shi ne a wanke shi, kuma an wanke shi. Mai makarantar ya ce gaskiya ne, kuma ya gode da ƙoƙari. Sufeto ya duba takardar da ke hannunsa, ya rasa layin da zai nuna masa.

Malamin ya tambaya ko zai iya shiga aji ya mayar wa yara takardun jarrabawarsu, tunda ya gama dubawa. Mai makarantar ya ce ya bar su a wurin maigadi.