Ƙarar Fanka a Ɗakin Ƙyanƙyasa

Ranar da Injiniya ta fara zuwa gidan ƙyanƙyasar ƙwai, Auta, ɗan mai gidan, shi ya buɗe mata. Ya tsaya riƙe da tiren ƙwai yana kallonta, har sai da ta ce, "Malam, in shigo?"

An kira ta ne ta gano halin ɗakin ƙyanƙyasa kafin a sa masa na'urar da za ta riƙa daidaita shi. Abu uku ake juyawa: hita, fanka da feshin ruwa. Ta kafa teburinta a lungun ɗakin, ta ware wa kowanne nasa lokacin, ta ƙara kaɗan ta rage kaɗan, don ta san wanne ke jawo me.

Kwana biyar lissafi ya ƙi fita. Da ta ƙara fanka, sai zafi da danshi su faɗi tare, alhali aikin fanka juya iskar ɗakin ne kawai. Ta canja waya, ta canja ma'auni, kanta ya ɗaure.

"Yarinya, ƙwai dubu uku ne a nan," in ji Baba, mai gidan. "In jibi ba ki gano ba, ki naɗe wayoyinki. Kai kuma Auta, ajiye maganar da ka kawo mini. Ba na haɗa zuri'a da mai lalata mini ƙwai."

Da yamma saƙon Auta ya shigo wayarta: "Injiniyata, kin ci abinci?"

"Wace magana ka kai wa Baba?"

"Wayata ba caji."

Washegari ta ƙara fanka, ta zuba wa kwamfuta ido. Ƙofa ta buɗe, sai ga Auta, iskar waje ta shigo, layin zafi ya gangara a gabanta.

"Me ya kawo ka?"

"Na ji ƙarar fanka ta canja."

"Kullum haka kake yi?"

Ya sosa ƙeya. "To da wane dalili zan shigo in gan ki?"

Ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta tura shi waje, ta sa sakata.

"Zuciyata, minti ɗaya?" ya rubuto.

"Sai gobe."

Washegari lissafi ya fita tsaf, 'yan tsaki suka cika tire. Da Baba ya ji labarin, ya yi dariya har da hawaye.

"Ashe ɓarnar daga gidana take! 'Yata, ki yafe mini."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Baba ya dafa kan Auta ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Yanzu sai ka bar ta ta yi aikinta."