Motar da Manniru Ya Tayar

Ana gab da magariba Manniru ya kulle akwatin kayan aikinsa, ya saɓa shi a kafaɗa, ya kama hanyar gida. Hasana matarsa ta ce ya biyo mata da kananzir, ga galan ɗin nan yana lilo a hannunsa. Daga bakin titin Idu, inda yake zaman jiran aiki a gindin wani mangwaro, zuwa ɗakin da suke haya a Jiwa akwai 'yar tafiya. Ya fi son ya yanke ta hanyar burji da ke bi ta bayan wurin fasa dutse, don kada ya ba ɗan acaɓa abin da bai samu ba.

Ranar ko fulogi ɗaya bai kwance ba.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya cika Abuja har yana zuba. Kowane darakta da jif ɗinsa, matar darakta ma da tata. Su kuwa waɗannan motoci ba a gyara su da kunne, sai an jona musu kwamfuta ta faɗi ciwonsu. Shi Manniru ɗan kafireta ne. A Kaduna ya koyi aiki tun yana saurayi, lokacin da Fijo ke mulkin titi, kuma a da yana da garejinsa a nan Abuja, mai rumfa da rami. Wata safiya aka shafa wa katangar jan fenti, ba a jima ba katafila ta bi ta kai. Yanzu a wurin an gina shagon sayar da motoci mai bangon gilashi. Waɗanda ya koya wa riƙe sifana sukan wuce shi da gudu, su ɗago hannu ta taga su ce, "Oga, ya aiki?" Ba su tsayawa jin amsa.

An yi ruwa da la'asar. Jar ƙasa ta jiƙe tana kama takalmi, kwaɗi sun cika fadama da kuka. Daga hagu dutsen yake tsaye, ko kuma abin da ya rage nasa, don an cinye rabinsa da nakiya ana kai wa masu gine-gine. Ma'aikata sun tashi, injinan sun yi shiru. Warin albarushi ne kawai ya saura a iska.

Yana shan kwanar da ke gindin dutsen ya gan ta.

Fijo ce 404, fara sol, irin wadda rabonsa da taɓawa har ya manta. Fitilunta, ƙarfen bambarta, ɗan zakin nan na gaba, komai na asali. Manniru ya tsaya cak. Wani abu ya motsa a ƙirjinsa, kamar ya haɗu da abokin ƙuruciya a tasha.

Wani dogon mutum na tsaye a gefenta, cikin kaftani na tsohon ɗinki. Bai yi sallama ba.

"Bakanike," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ta ƙi tashi."

"Ikon Allah. Ina kuka samo wannan?"

"Tamu ce. Ta daɗe a ajiye. Ƙaura za mu yi, an tashe mu."

Manniru ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ku ma? Ai garin nan ba ya barin kowa ya zauna, sai mai shi. Daga ina aka tashe ku?"

Mutumin ya nuna dutsen da haɓa. Manniru ya ɗauka wani ƙauye ne a bayansa. Ya dubi yamma, ya ga akwai sauran haske. Ya ce a ransa, in abu ne ƙarami sai ya gama ya samu salla a Jiwa. Ya ajiye galan, ya sauke akwati, ya ɗaga bonet.

Warin da ya buge shi ba na baƙin mai ba ne. Warin kogo ne, danshi da kashin jemage. Amma injin tsaf yake, ko ɗigon mai babu. Ya dafa shi. Sanyi ƙalau, kamar randar da ta kwana a waje.

Hannuwansa suka fara aiki kafin ya ba su umarni. Ya ɓalle murfin distiribita, ya tarar da kwantak ɗin ya manne da tsatsa. Ya kankare shi da 'yar sanfefa, ya daidaita tazararsa da ido, yadda ya saba. Ya kwance fulogai ya goge bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe kafireta, ya zaro jet ɗin, ya ɗaga shi ga hasken da ya rage, ya ga ya toshe da wani farin gari mai laushi. Garin dutse. Ya hure shi, ya mayar. Rabon da ya ji daɗin ransa haka tun kafin rusau. Har ya fara 'yar waƙa a maƙogwaro.

"Ka iya," in ji mutumin, dab da kunnensa.

"Da can ana faɗa."

Saura mai. Kafiretar a bushe take. Ya cire tiyon da ke kawo fetur, ya sa a baki don ya zuƙo, abin da ya yi sau ba adadi.

Ya zuƙa. Babu komai.

Ya sake zuƙa, sai ya ji tiyon ne ke zuƙarsa.

Tiyon ya kama leɓensa kamar bakin jariri a nono. Wani abu mai ɗumi ya taso daga can ƙasan ƙirjinsa, ya bi maƙogwaro ya wuce. Ya fizge da ƙarfi. Bakinsa ya cika da gishiri-gishirin jini. Ya tofar, ya ce wa kansa tsohuwar roba ce ta yanke shi. Ya mayar da tiyon.

"A gwada," ya ce.

Sitata ta juya. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama.

Manniru ya yi murmushi, ya juyo don ya ga fuskar mai mota. Mutumin na nan tsaye a gefensa, hannuwansa a baya. Bai gusa ba.

To wa ya murɗa makulli?

Ya ƙi barin idonsa ya je ga sitiyari. Injin na gudu da yawa, yana ihu, sai ya ɗauki sukundireba ya ɗora a kan sukurun silo mai daidaita gudun inji, don aikin da aka fara a ƙarasa shi a wuce. Zuciyarsa na dukan uku-uku. Ya murɗa kaɗan. Injin ya sassauta.

Zuciyarsa ma ta sassauta.

Ya tsaya. Ya ƙara murɗawa, rabin juyi. Ƙarar injin ta sauka, ta koma dum, dum, dum. A ƙirjinsa ma haka, dum, dum, dum, ba gaba ba baya. Idanunsa suka fara ganin duhu-duhu. Injin ya yi ɗan tsalle, ya ɓata bugu ɗaya. Ƙirjinsa ya ɓata bugu ɗaya.

Ya mayar da sukurun da sauri. Numfashi ya dawo.

Sai a lokacin ya lura kwaɗin sun yi shiru. Magariba ta yi, amma ba kiran salla daga ko'ina, alhali nan kullum ana jin lasifikar Jiwa. Ya dubi ƙasa. Duk caɓin nan, tayoyin motar fes suke, kuma babu sawunsu a baya.

Ya ɗago ido ta ƙarƙashin bonet, ya kalli gilashin gaba.

A cike take.

Ba mutum huɗu ba, ba goma ba. Fuskoki ne bisa fuskoki, har can ciki inda mota ba ta da zurfin haka. Duk sun yi fari fat da garin dutse. Wata tsohuwa a kujerar gaba, gefen kanta a lotse kamar ƙwaryar da aka taka. Wata mace rungume da abu a zane, abin ba ya motsi. Ba mai ƙiftawa. Duk shi suke kallo, ƙirazansu na ɗagawa tare da injin.

Hannunsa ya kai kan wayar kwayil, wadda ke ba injin wuta. Ya fizge.

Injin ya mutu.

Duniya ta mutu.

Bai san ya faɗi ba. Ya dai farka a durƙushe cikin taɓo, sitata na juyawa, wani abu na naushinsa daga cikin haƙarƙari. Dogon mutumin yana mayar da wayar a hankali, da yatsu masu gaɓa fiye da ƙima.

"Kada ka kuma," ya ce a raɗa. "Ba mu za mu mutu ba."

Manniru ya dafe ƙirjinsa.

"Mun yi shekaru a cikin dutsen nan tun ba a san da gari ba. Ba wanda ya yi mana sallama. Suka zo da wutarsu." Mutumin ya rufe bonet, ba ƙara. "Tafiyarmu da nisa, kuma mai irin naku ba ya tafiyar da ita. Kai ka ba ta nata da bakinka."

Ƙofar baya ta buɗe da kanta. Sanyin kogo ya fito.

"Shiga. Gara ka zauna kusa da ita. Can ana bukatarka kullum. Nan wa yake nemanka?"

Abin da ya fi ba shi tsoro daga baya, duk lokacin da ya tuna, shi ne maganar ta shige shi. Ya ga gindin mangwaron, ya ga jif-jif na wucewa suna watsa masa ruwan kwata. Wa yake nemansa? Ya miƙe. Ya ɗaga ƙafa.

Ƙafar ta bugi galan. Ya kife, murfin ya fita, warin kananzir ya daki hancinsa.

Hasana. Tana zaune a duhu, risho ba mai, tana jiransa.

"A'uzu," ya ce. Iyakar abin da ya fita ke nan.

Ya juya.

Yatsu suka kama wuyan rigarsa. Sanyinsu ya ratsa har ƙashi.

Ya sunkuya, ya zame, rigar ta yage ta zauna a hannun.

Ya ruga.

Bai waiwaya ba. Ya ji an rufe ƙofa. Ya ji an sa giya. Aka taka totur, zuciyarsa ta yi sama kamar za ta fasa ƙirji, ya faɗi, ya tashi, ya faɗi. Ba shi suka biyo ba. Ƙarar ta yi arewa, ta bi ta inda babu hanya, tana raguwa a kunnensa. A ƙirjinsa kuwa ba ta ragu ba.

Da rarrafe ya kai kwalta. Wani direban tifa mai suna Solomon, wanda ke ɗibar tsakuwa a wurin fasa dutsen, shi ya taka birki ya sauko ya ɗaga shi.

"Baba, mene ya kore ka haka? Ina rigarka?"

"Mota," in ji Manniru. "Fara. A gindin dutse."

Solomon ya dubi hanyar burjin, ya dubi bakin Manniru mai jini.

"Wannan hanya mota ba ya bi, ruwa ya cinye gada tun bara. Shiga mu tafi. Mu kanmu in rana ya faɗi ba mu tsayawa wurin."

Washegari maƙwabta suka je neman akwatinsa. Sun same shi a buɗe, kowace sifana a wurinta, galan a kife. Dutsen kuwa aka ci gaba da fasa shi, har aka gama da shi kafin damina ta zagayo.

An kai Manniru asibiti. Likita ta saurari ƙirjinsa ta daɗe, ta kira wata ta saurara. Suka ce zuciyar lafiyarta lau, sai dai tana gudu lokacin da ba dalili, ta lafa lokacin da ba dalili. Suka ba shi ƙwayoyi. An yi masa rubutu, an yi ruƙiyya, ya sha, ya yi wanka. Ya samu barci, amma bugun bai canza ba.

Bai sake ɗaga bonet ba. Ya bayar da kayan aikin. Yanzu gadi yake yi a wani rukunin gidaje masu jan rufi, yana buɗe wa jif-jif ƙofa, yana cewa a dawo lafiya. Ba mai kallon fuskarsa.

Wani lokaci yana zaune a kan benci sai ƙirjinsa ya ɗauka, gumi ya karyo masa, ya san masu motar sun samu miƙaƙƙiyar hanya. Wani lokaci ya yi nauyi yana ja da ƙyar, ya san tudu suke hawa. Hasana kaɗai ya gaya wa. Ba ta ce ya yi hauka ba. Takan ɗora tafinta a ƙirjinsa bayan sallar asuba, ta yi shiru tana ji.

Wata safiya ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

"Malam, yau a hankali take."

"Na ji," ya ce. "Tun jiya suke rage gudu."

"To ai alheri ne. Ka samu ka huta."

Manniru ya dubi rufin kwano. Ya riƙe hannunta ya danne a wurin.

"Hasana, matafiyi ba ya rage gudu sai ya hango gari. In sun isa, kashe motar za su yi."