Tumatirin da Zulfa Ta Hana Ruwa

"Ba zan ba su ba," in ji Zulfa.

Saurayin da ya leƙo rumfar ledar riƙe da buta ya yi turus. Misbahu ne, ɗan Malam Abdulbaƙi mai makaranta a Limawa. Famfo ya shigo nema zai yi alwala, ya tarar da tumatir sun yi yaushi.

"Haba baiwar Allah, ƙishi fa suke ji. Zuba musu!"

"Na sani. Kowace tukunya kan sikeli take, na'ura tana auna abin da shuka ta sha ta turo min a waya. Irin da ya fi jure ƙishi nake nemar wa manoman Kiyawa."

Washegari wayarta ta nuna tukunya mai lamba tara ta ƙara nauyi daidai Azahar. Kwana uku a jere. Ta laɓe, ta kama shi yana tsiyaya ragowar ruwan butarsa.

"Ka ɓata min aikin sati uku!"

"Yi haƙuri, kasa wucewa na yi."

Bayan La'asar saƙo ya shigo: "Gimbiyar tumatir, na tuba. In zo mu sake shuka?"

Ta amsa: "Zo, amma butar ta zauna a gida."

Daga shuka aka koma zance. Da magana ta kai ga manya, mahaifiyarsa Dada ta zo ganin wurin da idonta. Ga ganye a langaɓe, ga famfo kusa.

"Mai iya kallon wannan ce za ta tausaya wa jikokina? Buɗe ruwan nan yanzu, in sa Malam ya tura a sa rana kafin azumi."

Zulfa ta durƙusa. "Dada, ki gafarce ni. Sai na'ura ta cika kwana arba'in."

Dada ta juya ta fice.

Misbahu ya rubuto: "Zulfata, sau ɗaya kawai."

"Masoyi, ko ɗigo. In za ka jira ni, ka jira."

Ya jira. Iri biyu suka tsira, ya kai wa Malam tumatirinsu cikin kwando, ya zauna ya yi masa bayani har ya amince. Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Takur, Malam ya ce, "Allah ya sanya albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Zulfa ta sami mijinta, manoma suka sami iri. Sai dai ta sha jiran wata biyar, Dada ba ta fito karɓar amarya ba, kuma har yau in ta je gaishe ta, "lafiya" kaɗai take samu.