Sukarin da Ya Tsaya a Bakin Kwazazzabo

A bakin kwazazzabon da ya raba ƙauyukansu Tilila ta fara ganin Yidir, yana haƙa dusar ƙanƙara da shebur.

"Bawan Allah, dankali ka shuka a nan?"

"Dubawa nake ko za ta bar ki ki wuce." Ya nuna mata ramin. "Yau lafiya. Ranar da ta ƙasa ta koma garas-garas kamar gishiri, ko wa ke kiran ki, juya."

Ta wuce, amma zuciyarta ba ta bi ta ba. Kafin sanyi ya zagayo ya zama "Mai shebur ɗina", ita kuma "Zumata".

Mahaifinta, Baba Hammu, ya ce atafau. Kwazazzabon nan ne ya binne ɗansa Massin, don haka ba zai ba mai ja-gorar baƙi hawan dutse 'yarsa ba. Ga Lahsen mai shago a Marrakesh yana ta zarya. Da kukanta ya ishi tsohon, ya ce, "Alhamis kafin azahar Yidir ya zo da manyansa da dunƙulen sukarin neman aure. In ya saɓa, kada in ƙara jin sunansa."

Laraba ƙanƙara ta yini tana zuba. Alhamis rana ta fito da zafi, irin zafin da duk ɗan yankinsu na Imlil ke tsoro, don shi ke sa ƙanƙara ta zaftaro.

Tilila ta kira shi a waya. "Mai shebur ɗina, kun taso?"

"Mun taso, Zumata."

Daga nan layi ya ɗauke. Tilila ta kasa zaune ta kasa tsaye.

"Angon naki fa?" in ji Lahsen, da ya zo gidan tun safe. "Ko alfadarin ne ya yi gardama?"

Bai rufe baki ba aka ji rugugi. Gangaren duka ya zaftaro, ya shafe hanyar ƙaf. Tilila ta ƙwalla ƙara. Tsohon ya ruga ba takalmi, ya durƙusa yana tonon ƙanƙara da hannu, yana kiran "Massin! Massin!" Lahsen kuwa ko ƙofar gida bai wuce ba.

Tana gefen mahaifinta tana tono, yatsunta na jini, wayarta ta yi ƙara. Saƙon awa biyu da suka wuce ne, sai yanzu ya shigo:

"Zumata, na haƙa, gishiri ce. Ba zan tsallako da kawunnaina ba, mun juya. Na san na rasa ki. Ki yafe mini."

Ta karanta wa Baba. Ya zauna daɓas, hawaye na bin gemunsa.

"Massin ma ya haƙa, ya gani," ya ce. "Kunyar juyawa ya ji. Rubuta masa, 'yata: azahar ɗin nan ba za ta wuce ba sai ƙanƙara ta narke."

Da bazara aka ɗaura. Baba Hammu da kansa ya fasa sukarin cikin shayin biki, ya dafa kan ango.

"Allah Ya yi muku albarka, ɗana. Kullum ka riƙa dawo mata."